Kaka, jika da goyon kaka: amsoshin tambayoyin masu karatu

Wata mai karatu daga Zariya ta rubuto: "Malam, ɗana ya rubuta 'kakata ya tafi masallaci'. Na san akwai kuskure, amma na kasa yi masa bayani."

Malama, kalmar kaka guda ce ga namiji da mace, jam'inta kakanni. Jinsin yana fitowa ne a abin da ke manne da ita. Namiji: kakan Audu, kakana, kakansu ya zo. Mace: kakar Audu, kakata, kakarsu ta zo. Ɗanki ya ɗauki "-ta" ta mace ya haɗa da "ya" na namiji, shi ne kunnenki ya ƙi karɓa. In tsohon yake nufi, "kakana ya tafi masallaci" zai rubuta. Ita kuwa kaka ta lokacin girbi kullum mace ce, shi ya sa muke cewa kakar bana. Hausa ba ta ware kalma ta daban ga mahaifin uwa da mahaifin uba ba. In ana son bambancewa sai a ƙara "na wajen uwa" ko "na wajen uba".

A gangaro ƙasa kuma: ɗa, jika, tattaɓa-kunne, sannan taka-kusheyi. Kusheyi jam'in kushewa ne, wato kabari, don kafin wannan yaro ya fara tafiya galibi tsohon ya riga mu gidan gaskiya. Macen jika ita ce jikanya, ko da yake yau "jikata" ta fi yawa a baki. A kula da rubutu: jiƙa mai ƙugiya aikin ruwa ne. Akwai kuma jika ko jaka ta kuɗi, wadda a da fam 100 ce, ta koma naira 200 bayan canjin kuɗi na 1973.

Wani matashi daga Maraɗi ya ce: "Kakanmu yana kiran ƙanwata 'amaryata', ni kuma ya ce da ni ɓarawon mata. Ƙanena yakan ce masa 'tsoho, yaushe za mu sha gumba?' Wannan ba raini ba ne?"

Ba raini ba ne, samari. Wasan jika da kaka ke nan, ɗaya daga cikin wasannin barkwanci na dangi, kamar na taubasai. Yana da tsari. Kaka namiji yana ɗaukar jikanya a matsayin mata, jika namiji kuma aboki ne ko abokin takara. Kaka mace tana kiran jikanta "maigida" ko "angona", jikanya kuwa kishiya ce, har a yi ta muhawara a kan wa ta fi iya miya. Gumba kuwa ita ce ake dakawa da gero a raba sadaka in an yi rasuwa, don haka ƙanenka cewa yake yi tsohon ya daɗe. Amsar da tsofaffi suka saba bayarwa ita ce su ma ba inda za su sai sun ci tuwon bikinsa.

Dalilin wasan yana cikin kunyar da ke tsakanin iyaye da 'ya'ya. Uba na gargajiya ba ya sakin fuska da ɗansa, musamman ɗan fari, wanda uwa ma ba ta kama sunansa. Yaro kuwa dole ya sami babba da zai yi wa magana ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Kaka ne wannan ƙofa. Yarinyar da ba za ta iya gaya wa ubanta ba ta son wanda aka zaɓa mata ba, a gaban kaka za ta faɗa cikin raha, shi kuma ya kira ɗansa ya yi masa magana a matsayin uba.

Inda abin yake ɓaci shi ne in aka manta iyakarsa. Ba a zagi, ba a taɓa iyayen tsoho, ba a yi a gaban baƙinsa ko surukansa, kuma in ya haɗe rai ya kira ka da sunanka na yanka, wasa ya ƙare. Gaisuwar safe da durƙusawa ma tana nan yadda take.

Tambaya ta uku gajeriya ce: "Me ake nufi da goyon kaka?"

Yaron da ya tashi a hannun kakanni, kuma a baki yawanci zargi ne: shagwaɓaɓɓe, wanda ba a kwaɓa. Asalinsa al'adar yaye ce. In yaro ya kusa shekara 2 akan kai shi gidan kaka don ya manta nono, wani ya yi kwanaki, wani kuma ya zauna ke nan. Ga tsoho da ragowar fura a ƙwarya da 'yan canji a aljihu, ga hannu ya yi sanyi da bulala. Sai dai a ganina an cika yi wa kalmar rashin adalci. A saurari bakin yaron da kaka ya goya: shi ne za a ji yana jefa karin magana, ya san sunayen dangi har na ƙauye, ya san gaisuwar da ta dace da kowa.

Wani magidanci daga Kumasi ya tambaya: "Me ya sa aka raɗa wa ɗana sunan mahaifina, amma kowa Abba yake kiransa?"

Saboda ba za ka iya tsayawa a tsakar gida ka ƙwala kiran sunan mahaifinka ba, balle ka haɗa da tsawa. Matarka ma ba ta kama sunan surukinta. Sai a sakaya sunan da laƙabi: Abba, Baba, Baffa, Babangida. In sunan kaka mace aka mayar, sai Ummi, Mama ko Uwani. Tsohon da kansa yakan ce "takwarana". Matsalar da ke biyowa baya ta takardu ce: a rubuta Abba a makarantar firamare, sunan yanka a takardar haihuwa, ranar neman fasfo a ga sunaye biyu. A tsayar da na yanka a takarda tun farko, laƙabi ya zauna a gida.

Ta ƙarshe daga Zinder: "Mene ne bambancin tsoho da dattijo, kuma me ya sa ake cewa babba juji ne? Ai juji wurin shara ne."

Tsufa shekaru ne, dattako hali ne. Dattijo aro ce daga Fulatanci, kuma ana iya cewa mai shekara 40 ya yi dattako in ya danne fushi ya raba gardama, kamar yadda ake samun mai furfura da ba a kai masa ƙara. Juji kuwa, ƙwarai, wurin zuba shara ne, kuma nan ma'anar take. A gidan gandu, inda 'ya'ya maza da matansu da jikoki suke ci daga rumbu ɗaya, rigimar faccaloli, bashin wannan, yajin matar wancan, duk a zauren maigida ake juye su. Aikinsa ya karɓa, kada ya kwashe maganar wani ya kai wa wani. Manomi kuma ya san daga juji ake ɗiban taki, don haka wasu ke ƙara fassara shi da cewa abin da aka zuba wa babba yakan dawo da amfani. Ana faɗin karin ne ga babba don a ba shi haƙuri, misali in wani ƙarami a gida ya yi masa rashin kunya. Yaron da ya yi laifin ba shi ne zai kawo shi don wanke kansa ba. A bakinsa ya zama ƙarin laifi.