Amsa ga mai son jan jirgin iska daga Ohayo zuwa Fulorida

Malam, ka ce ka sayi Catalina 22 na hannu, ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da ƙyallen iska, haɗe da tirelarsa, kana zaune a Kolombus, kana so ka ja shi zuwa Fulorida a watan Janairu ka yi mako biyu a ruwa, kuma kana tambayar ta ina za ka fara shiri. Allah ya sanya alheri. Amma ka bar jirgin tukuna, ka durƙusa ka duba tirelar, domin yawancin masu wannan tafiya ba a teku suke shan wuya ba, a bakin titi ne.

Fara da boris. Tirelar da ta saba zuwa tafkin bayan gari ba ta taɓa yin zafin da mil sama da 1,000 za su sa ta ba. Ka ɗaga ta da jak, ka cire kowace taya, ka wanke boris ɗin da kananzir ka duba. In ka ga tsatsa, ko giris ya koma fari kamar madara, ruwa ya shiga, in kuma ƙarfen ya yi shuɗi zafi ya sha, a canza shi tare da robar da ke rufe bayansa. Giris na jiragen ruwa za ka sa, ba na mota ba. Ka kuma tafi da cibiyar taya guda cikakkiya, da boris a ciki an riga an cika giris. Canza ta a kan hanya bai fi aikin rabin awa ba, neman girmanta kuwa ranar Lahadi a ƙauyen Jojiya zai iya cinye maka kwana biyu.

Taya kuma kada zanenta ya ruɗe ka, ta tirela shekaru ke kashe ta. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke jikin tayar su ne mako da shekarar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In ta wuce shekara biyar zuwa shida, a sauke ta, har da safaya. Masu alamar ST, wato tayoyin tirela, an yi su ne don gudun mil 65 a awa, sai dai in an rubuta fiye da haka a jikinsu, saboda haka ka tsaya a 60. Iska ka auna da safe taya na sanyi.

Nauyin jirgin kansa ya haura fam 2,200. In ka haɗa tirela, inji, batir, anka, mai da abinci, za ka kusanci 3,500. Kada ka yi kirdado, ka hau sikelin manyan motoci ka gani. Dokar Fulorida ta wajabta birki a duk tirelar da ta wuce fam 3,000, kuma tsofaffin tirelolin nan da yawa birkinsu ya daskare da tsatsa ko babu shi ma. Nauyin da ke sauka kan ƙugiyar mota ya zama kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na wannan jimillar, wato fam 250 zuwa 350. In ya gaza haka, tirela za ta riƙa kaɗa wutsiya duk sanda babbar mota ta wuce ka. Idan ta fara, kada ka danna birki, ɗage ƙafa daga totur ka riƙe sitiyari daidai, sannan ka tsaya ka matso da kaya gaba. Faɗin jirgin bai kai ƙafa 8 da rabi ba, don haka ba ka bukatar takardar izini.

Wajen ɗauri, ƙarfen nan mai nauyi na ƙasan jirgi, wanda ake ɗagawa da winci, a sassauta shi ya zauna kan mazauninsa a tirela. In ka bar shi rataye da waya, kowane rami sai ya fizge ta. Injin baya da allon juya jirgi a cire su a shigar ciki. Sandar da ke ɗaukar ƙyallen iska a kwantar da ita da matashi a wuri uku, a naɗe wayoyinta, a ɗaure ƙananan notinansu, don girgiza na kwance su su zube a hanya. Hancin jirgi ya samu sarƙa ban da igiyar winci, baya kuma bel biyu.

Hanya ina ba ka shawarar I-71 zuwa Sinsinati, daga nan I-75 har Funta Goda, garin da ke bakin ruwan Shalot Habo a Fulorida. Ta I-77 tana da duwatsun Bajiniya ta Yamma, ba abin shiga da tirela ba ne a lokacin ƙanƙara. Ko I-75 ɗin tana da dutsen Jeliko a iyakar Kentaki da Tenesi. Ka sauko shi da ƙaramar giya, domin birkin tirela irin mai kama kansa in mota ta rage gudu yana ta gogawa a dogon gangare har ya ɗauki zafi. Ranar tashi hasashen yanayi ne zai zaɓa maka ita. Ka ba tafiyar kwana uku, ka ratsa Atlanta da asuba. Bayan mil 50 na farko ka tsaya ka sake ɗaure notin taya, daga nan duk tsayawar mai ko salla ka ɗora hannu kan cibiyar kowace taya. Ɗumi ba komai, amma in hannu bai iya zama, ko ɗaya ta fi ɗaya zafi, kada ka ci gaba. Tankin ruwan sha a bar shi fanko sai ka sauka kudu, kada ya daskare ya tsage.

A bakin ruwa, kafin ka tayar da sanda, ɗaga kai ka nemi wayar lantarki tun daga inda kake har gangaren sauke jirgi. Sandar alminiyon ce, kuma wannan kuskuren ya kashe mutane. Ka bar boris ya huce kamar minti 20, don in ya shiga ruwa da zafi yana zuƙo ruwan gishiri ciki.

Ruwan Shalot Habo da mashigin Fayin Ailan ba shi da zurfi, ya dace da irin jirginka. Abin lura shi ne iskar sanyi da ke saukowa daga arewa lokaci-lokaci: in ta kusa isowa, iska takan faro daga kudu, ta juya yamma, sannan ta buga da ƙarfi daga arewa maso yamma. Ka riƙa sauraron hasashen NOAA, hukumar yanayi ta Amurka, a rediyon jirgin ruwa na VHF, ka nemi mafaka tun tana kudu. Rajistar Ohayo ta ishe ka har kwana 90. Tirela kuwa, da zarar ta fito daga ruwan gishiri a wanke ta da ruwan famfo har cikin birki, a ƙara giris, a sake gwada fitilu kafin ranar komawa.