Ku Tambaya: Me ya hana asambuli ɗaukar 'yan kwana-kwana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun gobarar kasuwar Adum a nan Kumasi ta watan Maris 2025 hankalinmu bai kwanta ba. Ƙanena da ke Amurka ya ce a can gari kan nemi tallafin gwamnatin tarayya ya ɗauki 'yan kwana-kwana. Mu da kullum muke biyan tikitin kasuwa, me ya hana asambuli, wato ƙaramar hukumarmu, ta yi mana haka?
Wani Alhaji mai atamfa, Aboabo, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Gaskiya ƙanenka ya faɗa, amma tsarin ba ɗaya ba ne. A Amurka gari ne ke da ma'aikatansa, kuma tallafin da ake kira SAFER yakan ɗauki nauyin sababbin ma'aikata na kamar shekara 3, daga nan albashin ya faɗo a kan garin. A Ghana hukumar kashe gobara guda ce, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida bisa Doka ta 537 ta 1997. Ba a ɗaukar ko mutum ɗaya sai Ma'aikatar Kuɗi ta amince, a horar da shi a makaranta irin ta James Town a Akra, albashinsa kuma daga ofishin Akanta Janar yake fitowa. Saboda haka KMA, wato asambulin birnin Kumasi, ko asambulin Asokore Mampong da Aboabo ke ƙarƙashinta ba su da hurumin ɗauka.

Inda suke da hannu, kuma inda ya kamata ku matsa, shi ne abin da ma'aikacin zai yi aiki da shi: filin gina tasha, man mota, buɗe lungunan kasuwa, da famfon gobara. Dubi lissafin nan. Motar kashe gobara da ke ɗauke da ruwa lita 5,000, in mesa ɗaya tana zuba kamar lita 500 a minti, cikin minti 10 ta ƙare. In babu famfon gobara a kusa, ko an kafa kwantena a kansa, ko ruwan ba shi da ƙarfi, dole ta tafi ɗebowa, wutar kuwa ba ta jira. Shi ya sa jama'a ke cewa motar ta zo babu ruwa, alhali da ruwanta ta zo.

Kuɗin yin wannan ta ƙofa biyu yake shigowa. Akwai abin da asambuli ke tarawa da kanta, wato tikitinku, harajin gidaje da lasisin shaguna. Akwai kuma Common Fund, wato kason da gwamnatin tsakiya ke raba wa asambuli, wanda tsarin mulkin 1992 ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Shi dai Common Fund ya saba makara, don haka ku nemi a ɗora mai da gyaran mota a kan kuɗin cikin gida, gini kuma a kan Common Fund.

Shekarar kuɗi daga Janairu take farawa, ana haɗa kasafin tun kafin ƙarshen shekarar da ta gabata. Ku rubuta takarda da sunan ƙungiyarku tun tsakiyar shekara, ku nemi kwamandan tashar yankinku ya zagaya ya ƙirga famfunan da ke aiki da waɗanda suka mutu, ku haɗa da rahotonsa, ku ba ɗan asambulinku. Abin da bai shiga tsarin ayyukan shekara ba, ko an yi muku alkawari a bainar jama'a, da wuya ya ga ko sidi ɗaya.

Tambaya: In wata ƙungiyar waje ta ba mu tallafi, za mu iya biyan samarin zango su zama masu gadin wuta?
Wata Hajiya, Sawaba

Amsa: Za ku iya, Hajiya, in hukumar kashe gobara ce ta horar da su a matsayin 'yan sa-kai. Sai dai kada ku ɗora alawus a kan tallafi, ranar da ya ƙare samarin sun watse. Ku sayi tukwanen kashe wuta da shi, alawus kuma ya fito daga karo-karon wata-wata. A duba ma'aunin kowace tukunya duk wata, a kai ta sabis sau ɗaya a shekara. Aikinsu su kira 112 ko 192, su kashe mita, su buɗe wa mota hanya.