Amsa ga mai shirin tayar da shagon ɗinki zuwa bakin titi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kekuna huɗu gare ka da yara uku, zauren ya yi muku kaɗan, ka samu shago a bakin titi, kana neman shawarar yadda za ka jera kaya da lokacin tashi. Allah ya sanya alheri. Na jima a sana'ar nan, na kuma taɓa tashi, ga abin da na gani.

Kada ka kuskura ka tashi da azumi ko gab da layya. Bari sai Babbar Sallah ta wuce, aiki ya lafa.

Kafin ka biya haya da la'adar dillali, je ka ga shagon bayan an yi ruwa, ka ɗaga kai ka dubi silin. Ɗigo ɗaya a kan farar shaddar mutane ya isa ya ci maka ribar wata. Ka tambayi mita, taka ce kai kaɗai ko ta haɗaka, kuma layin wane rukuni ne. A watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar Band A, wato rukunin layin da ya fi samun wuta, naira 225 kowane yunit, kuma dutsen guga ya fi kekunan shan wuta.

Batun jeri kuwa, kada ka shigar da ko kujera tukuna. Ɗauki tef da alli ka zana komai a ƙasa, ka fara da teburin yanka, don shi ne uban ɗaki. Falle ɗaya na filawud, ƙafa 4 da ƙafa 8, ya wadatar, atamfa na kwanciya a kai ba ta zubowa. Ka bar masa hanya ta ɓangare biyu aƙalla. Sauran kuma ka bi tafiyar yadi: awo a bakin ƙofa, yanka, ɗinki, guga, sannan wurin rataya. In yaro sai ya tsallake wani kafin ya kai riga wurin guga, to jerin bai yi ba, goge ka sake. Alli ba ya tsada. Kekuna su samu hasken taga ta gefe, ba ta bayan mai ɗinki ba, kada inuwarsa ta rufe masa allura. Guga can ƙurya, nesa da tarin ƙyallaye, musamman in na gawayi ne. Janareta kuwa waje, ko da za ka yi masa keji.

Benci ɗaya tak a waje. Shagon bakin titi ba ya rasa 'yan zaman hira, in ka ba su wuri a ciki, mata ba za su shigo awo ba. Labule a kusurwa ma yana taimakawa.

Ranar kwasa, in kana da babban keke irin Juki, tsiyaye man da ke ƙasansa tukuna, ka cire kan daga teburi, in ba haka ba kafin a-kori-kura ta kai ku mai ya jiƙa komai. Ka yi magana da mai gyara ya zo washegari ya daidaita su. Kayan mutane amana ne: kowanne leda daban, da suna da lambar waya, kuma kai za ka ɗauke su da hannunka tare da littafin awo.

A tsohon zauren ka manna kwatance da lambarka, ka bar yaro ɗaya yana zama da yamma na ɗan lokaci, don dattawan unguwa ba duka ke duba WhatsApp ba.