Kyamarar da ke ganin ciwon bishiyar lemo kafin ido ya gani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da bishiyoyin lemo kusan ɗari biyu. Na ji an ce akwai kyamarar da ke gane bishiya ta kamu da cuta tun ganyenta yana kore shar. Gaskiya ne, ko zuƙi ta malle ce irin ta masu neman kasuwa? Daga wani manomin lemo.

Amsa: Wa alaikumus salam. Akwai ta, Malam, kuma tana aiki, sai dai aikinta yana da iyaka.

Haske tafiya yake kamar igiyar ruwa, ana kuma auna zangon igiyarsa da wani ɗan mitsitsin ma'auni mai suna nanomita; idon ɗan Adam hasken da zangonsa ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700 kawai yake gani. Gaba da nan akwai hasken da ake kira infirared. Lafiyayyen ganye yana shanye jan haske, ya mayar da infirared mai yawa. Da zarar cikin ganyen ya fara taɓuwa, sai wannan ma'auni ya sauya. Kyamarar takan rarraba hasken kashi-kashi, wata biyar, wata sama da ɗari. A ɗaura ta a jirgi mara matuƙi ya zaga gona, kwamfuta kuma ta fitar da taswirar bishiyoyin da suka fita daban.

Cutar da ta fi sa masana dagewa a kan wannan ita ce Huanglongbing, wato HLB, wadda sunanta ya fito daga Sin. An gano ta a Burazil a 2004, a jihar Fulorida ta Amurka a 2005, kuma ta yi wa gonakin Fulorida mummunar ɓarna. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai tsotsar tofon ganye ke yaɗa ta. Ƙwayar bakteriyar tana toshe jijiyoyin da ke saukar da abinci zuwa saiwa, sitaci ya taru a ganye, 'ya'yan su fito a karkace ga ɗaci. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne, bishiya takan yi watanni, har fiye da shekara, ba alama, alhali ƙwaron na ta kwasa yana kai wa maƙwabtanta. Har yanzu kuma ba ta da magani.

Amma ƙishirwa da ƙarancin taki su ma suna sauya hasken ganye, har su rikita na'urar. Na taɓa riƙe ganyaye biyu masu ɗorawa-ɗorawa ina juya su, na kasa bambancewa, sai da na ninke kowanne ta jijiyar tsakiya. Mai ƙarancin zinki, wato wani sinadari da tsiro ke buƙata, zanen hagu da na dama sun yi daidai. Ɗayan kuwa dabbare-dabbare ne, gefen nan daban, wancan daban, kuma irin wannan shi ake zargi da HLB.

Don haka idan kyamara ta nuna maka bishiya, kada ka yi saurin ɗaukar gatari. Ɗaura mata ƙyalle, ka tsinki ganye daga ɓangarorinta huɗu, a kai ɗakin gwaji a yi masa gwajin PCR, wato gwajin da ke gano ko akwai ƙwayar cutar a cikin ganyen. Idan ya tabbata, sannan a tumɓuke ta, a yi wa sauran feshin maganin ƙwaron.