Me ya sa sabulu ke sauya yadda hasken rini ke dusashewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina auna hasken fuloresans (hasken da abu ke fitarwa bayan an haska shi) na wani rini mai suna fayirin. A ruwa zalla gishirin ayodaid yana dusashe hasken sosai, jadawalin Stern-Volmer, wanda ke nuna yadda hasken ke raguwa gwargwadon yawan mai dusashewa, kuma yana ba ni miƙaƙƙen layi. Da na zuba sinadarin sabulu mai suna SDS sai ayodaid ya kusa daina aiki, ayon ɗin tagulla kuwa ya ƙara ƙarfi, layinsa har ya lanƙwashe sama. Ko na'urar ce ta lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam. Na'urarka lafiya lau take, rinin ne ya sauya mazauni. Da zarar SDS ya haura wajen milimola 8 a ruwa, ƙwayoyinsa sukan dunƙule wajen sittin-sittin, jelarsu mai gudun ruwa a ciki, kawunansu masu cajin negetif a waje. Wannan dunƙule shi ne maisel. Fayirin ba ya shiri da ruwa, sai ya shige ciki. Za ka iya gani da idonka: duba ƙololuwa ta ɗaya da ta uku a zanen hasken nasa da na'urar ke fitarwa, rabonsu wajen 1.8 ne a ruwa, a cikin SDS kuwa ya kan sauko kusa da 1.2. Kalyanasundaram da Thomas ne suka kafa wannan ma'auni a 1977.

To, dusashewa ba ta yiwuwa sai mai dusashewar ya kusanci rinin kafin ya saki haskensa. Ayodaid negetif ne, fuskar maisel ma haka, sai ta kore shi. Tagulla fozitif ce, sai ta taru a jikin dunƙulen. Gwada CTAB, wani sabulu mai kai fozitif, za ka ga lamarin ya juye.

Lanƙwasar nan ita ce na fi so ka riƙe. Lissafin Stern da Volmer na 1919 ya ɗauka cewa komai a watse yake daidai-wa-daida. A nan kuwa ɗaki-ɗaki ne, kowane maisel ɗaki, mai dusashewa kuma baƙo: wani da baƙo ɗaya, wani biyu, wani babu kowa, bisa rabon Poisson, wato lissafin rabon da ke faruwa bisa dace. Ɗauki SDS milimola 50: cire 8, raba saura 42 da 60, ka sami maisel milimola 0.7. In ka zuba mai dusashewa da ke zaune daram a ciki, shi ma milimola 0.7, duk da haka wajen kashi 37 cikin 100 na dunƙulen ba su da shi, kuma su kaɗai za su haska. Don haka logaridim ɗin I₀/I (ƙarfin haske kafin a zuba mai dusashewa, a raba da na bayan an zuba) za ka zana, ba I₀/I kansa ba. Da wannan dabara Turro da Yekta suka ƙirga ƙwayoyin maisel ɗin SDS a 1978.

Sai dai ba zan amince da ƙidayar da aka yi da tagulla ba, don tana shiga tana fita. Setilfiridiniyam kuloraid ya fi dacewa, saboda doguwar jelarsa tana riƙe shi. In kana da na'urar auna tsawon rayuwar haske, yi amfani da tsarin lissafin Infelta da Tachiya, shi ke rarrabe maka gudun dusashewar da yawan dunƙulen. Ka kuma rage fayirin ƙwarai, kada biyu su haɗu a maisel ɗaya su fitar da wani haske daban wajen nanomita 475, sannan ka kori iskar oksijin da naitirojin kafin awo, don ita ma tana dusashe shi.