Kwantiragina saura wata huɗu, ga sabon aiki a Riyad: in ajiye ko in jira?

Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan Kano ne, ina aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani kamfanin kula da gine-gine a nan Jidda, yau shekara shida da wata takwas. Albashina duka-duka riyal 4,000 ne: 3,000 na asali, 750 kuɗin gida, 250 kuɗin mota. Tun da na zo sau ɗaya tak aka yi mini ƙari. Yanzu wani ofishi da ke nemo wa kamfanoni ma'aikata ya samo mini aiki a Riyad, zan zama shugaban masu gyara a kan riyal 6,500, amma wanda ya haɗa mu ya ce sai na ba shi 3,000 na kammala takardu. Da na gaya wa mudir, wato manajan sashen ma'aikata na kamfaninmu, sai ya ce ba inda za ni sai na mayar da kuɗin iƙama, wato takardar izinin zama, da suka biya mini duk shekarun nan, in kuma sa hannu a takarda cewa ba na bin su komai, in ba haka ba su buga mini hurub, wato su kai rahoton cewa na gudu daga aiki. Fasfona yana hannunsu. Kwantiragina saura wata huɗu ya ƙare. Don Allah in ajiye aikin in tafi, ko yaya zan yi?

Wa'alaikumus salam Malam. Allah Ya sanya alheri a wannan ƙofa da ta buɗe maka. Kafin komai, abu biyu nake roƙonka: kada ka sa hannu a kowace takarda a ofishin nan, kuma kada ka daina zuwa aiki ko da kwana ɗaya. Wata huɗun nan da kake gani kamar sun tsaya maka a wuya, su ne ƙarfinka a wannan magana, bari in nuna maka da lissafi.

Dokar Ƙwadago ta Saudiyya, wadda aka kafa a 2005 aka kuma yi ta yi wa kwaskwarima har zuwa gyaran da ya fara aiki a Fabrairun 2025, ta tanadi kuɗin sallama a sashe na 84: rabin albashin wata ga kowace shekara cikin shekaru biyar na farko, sannan cikakken albashin wata ga kowace shekara bayan haka. Da albashin ƙarshe ake lissafi, kuma albashin da doka ke nufi ya haɗa da kuɗin gida da na mota, wato 4,000 ɗinka, ba 3,000 ba. A nan ake yawan zaftare wa mutanenmu haƙƙi, ka lura da shi. Idan ka cika shekara bakwai kwantiragi ya ƙare da kansa, biyar ɗin farko sun ba ka riyal 10,000, biyun ƙarshe 8,000, jimla 18,000, kuma gaba ɗaya naka ne.

Idan kuwa yau ka ajiye aiki, sashe na 85 ne zai hau kanka. Mai murabus da bai cika shekara biyu ba ba shi da komai; daga biyu zuwa biyar kashi ɗaya cikin uku; wanda ya haura biyar bai kai goma ba kashi biyu cikin uku; sai mai shekara goma ne ke kwashe duka. Kai kana rukuni na uku. Abin da ya taru maka zuwa yau kusan riyal 16,670 ne, kashi biyu cikin uku kuma wajen 11,100. Ka ga tsakanin tafiya yau da haƙurin wata huɗu akwai kusan riyal 6,900.

Na san abin da za ka ce: ai ƙarin 2,500 sau huɗu ya kai 10,000, ya fi abin da zan rasa. Gaskiyarka, kuma da lissafin ya tsaya nan da na ce maka Allah Ya kiyaye hanya. Sai dai kwantiragin baƙo a ƙasar nan kullum mai wa'adi ne, haka sashe na 37 ya ce, kuma sashe na 77 ya ba ɓangaren da aka yanke wa kwantiragi mai wa'adi ba bisa dalili na doka ba damar neman diyyar albashin watannin da suka rage, muddin ba a ƙayyade wata diyya dabam a cikin kwantiragin ba. Wannan wuƙa tana yanka ta kowane gefe. Mudir ɗin da ya riga ya yi maka barazana ba zai ji kunyar neman riyal 16,000 a wurinka ba. Shi ke nan an saki reshe an kama ganye.

Saboda haka hanyar da na fi so gare ka ita ce ka bar kwantiragin ya mutu mutuwar kansa. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Yau ɗin nan ka shiga shafinka na Qiwa, dandalin intanet na gwamnati inda ake rajistar kwantiragin aiki, ka buɗe kwantiragin da aka yi wa rajista, ka nemo wurin da aka yi maganar sabuntawa. Galibi za ka tarar an rubuta cewa yana sabunta kansa idan ɗayan ɓangarorin bai sanar da ɗayan ba kafin kwana kaza. Wasu kwana 30 ne, wasu 60, wasu har 90. In naka 90 ne, to wata ɗaya kacal ya rage maka, ba huɗu ba. Ka rubuta sanarwar ƙin sabuntawa da Larabci, ka tura ta Qiwa, ka kuma miƙa kwafi a ofis a buga maka hatimi da kwanan wata, ko ka aika ta imel ɗin kamfani. Ka kula da lafazi: "ba na son sabunta kwantiragi" za ka rubuta. Kada kalmar istiƙala, wato murabus, ta shiga takardar ko da kuskure, kuma kada ka yarda wani a ofis ya rubuta maka ita.

Maganar cewa ba inda za ka je sai da yardarsu kuwa, zamaninta ya wuce. Tun ranar 14 ga Maris, 2021, ma'aikacin kamfani yana iya komawa wani kamfani idan kwantiraginsa ya ƙare ba tare da amincewar kafili, wato kamfanin da iƙamarsa ke kansa, ba, yana kuma iya yi a tsakiyar kwantiragi idan ya cika shekara ɗaya, bayan ya ba da sanarwa. Abin da mutane suka saba kira naƙal kafala yanzu ta Qiwa ake yin sa: sabon kamfani ya turo tayi, kai ka karɓa daga shafinka. Masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba sa cikin wannan tsari, nasu dabam ne, amma kai da iƙamarka ke kan kamfani kana ciki dumu-dumu. Abin da nake so ka tabbatar shi ne tayin na Riyad ya shigo Qiwa kafin ranar ƙarewar kwantiraginka, don kada ka zauna a tsakani.

Yanzu ga barazanar mudir. Kuɗin iƙama da na izinin aiki da sabunta su, da tarar jinkirin sabuntawa, da kuɗin ɗauko ma'aikaci tun farko, duk sashe na 40 ya ɗora su a kan mai ba da aiki. Ba bashi ba ne da kake biya da zama. Ko riyal ɗaya ba ya bin ka. Fasfo kuma naka ne, riƙe shi laifi ne da ake cin tarar kamfani a kansa. Ka nema a rubuce cikin ladabi, in sun hana ka kira Ma'aikatar Kula da Ma'aikata da Ci Gaban Al'umma a 19911 ka shigar da ƙorafi.

Hurub ma ba yadda yake a da ba ne. Daga ƙarshen 2022 aka mayar da shi rahoton yanke zuwa aiki, wanda aka yi wa kuma yana da kwana 60 ya koma wani kamfani ko ya yi fitar ƙarshe, wato ya bar ƙasar gaba ɗaya. Duk da haka ba abin wasa ba ne, shi ya sa na ce kada ka yi fashi. Sashe na 80 ya ba kamfani damar korar wanda ya yi fashi ba dalili fiye da kwana 15 a jere, ko fiye da 30 a warwatse cikin shekara, bayan gargaɗi a rubuce, kuma korar ba sallama ba diyya. Kada ka miƙa musu wannan sandar da hannunka. Kullum ka danna yatsanka a na'urar shiga da fita, ka riƙa ɗaukar hoton takardun ayyukan da aka tura ka, masu kwanan wata.

Takardar "ba na bin su komai", wadda suke kira mukhalasa, ita ce ta fi damuna. Akwai wani dattijo ɗan Katsina da ya taɓa zuwa wurina da irinta a ninke cikin ledar magani. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa babbar mota. Ranar sallama aka zuba masa shayi, aka ce Alhaji sa hannu nan da nan, kuɗi za su shiga bayan la'asar. Ya sa, har da dangwala yatsa. Da na karanta masa layi na uku, inda aka rubuta cewa ya karɓi dukkan haƙƙoƙinsa a hannu, sai ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa ya yi shiru. Mun yi ta fama da takardun banki kafin a nuna cewa kuɗin ba su taɓa shiga ba. Gaskiya ne sashe na 8 ya rushe duk wata yafiyar haƙƙi da aka sa ma'aikaci ya yi yana cikin kwantiragi, sai in ta fi masa amfani, amma me zai kai ka neman rushe abin da kake iya ƙin sa wa hannu? Ka ce wa mudir za ka sa hannu ranar da ka ga saƙon banki a wayarka, kuma a kan adadin da ya shiga. In aka turo maka wata takarda mai suna sanad li amr, ko a kan takarda ko ta waya, kada ka taɓa ta: takardar amincewa da bashi ce, kai tsaye ake kai ta kotun zartarwa ba tare da an yi shari'a ba.

Abin yana yi mini ciwo, wallahi. Mutum ya hau rufin gini a zafin Jidda na watan Agusta shekara kusan bakwai, ƙari sau ɗaya, ranar da wani ya ga darajarsa sai a tuna da kuɗin iƙama. Sashen ma'aikata da ya san aikinsa, jin cewa gwaninsu zai tafi, abin da zai fara yi shi ne ya zaunar da shi ya tambaye shi me zai sa ya tsaya. Ɗauko sabo daga waje, da biza da tikiti da watannin koyon gine-ginen da kai ka san kowane lungunsu, ya fi ƙarin albashinka tsada. 'Yan'uwanmu masu shaguna da ƙananan kamfanoni a Jidda da Makka, su ma wannan magana ta shafe su. Kuma kada ka yi mamaki in sun dawo maka da tayin ƙari bayan sun ga sanarwarka. In ka so ka saurara, amma duk ƙarin da bai shiga kwantiragin Qiwa ba, zance ne.

Sai mai neman 3,000. Kada ka ba shi. Ofisoshin da ke nemo ma'aikata a wurin kamfanin da ya ba su aikin suke karɓar ladansu, kuma kuɗin mayar da ma'aikaci daga wani kamfani zuwa wani, sashe na 40 ya ɗora shi a kan sabon kamfanin. Sana'ar kanta sai da lasisin ma'aikatar ake yin ta. Ka tambaye shi lambar lasisi da sunan kamfanin na Riyad, ka nemi magana da sashen ma'aikatansu kai tsaye. Kada ka ba kowa lambar sirrinka ta Absher ko Nafath, manhajojin gwamnati na hidima da tantance mutum, da sunan zai taya ka cikawa. In aikin na gaske ne za ka gan shi a shafinka, da sunan kamfani da albashi da sana'a.

In ya shigo, ka karanta a tsanake kafin ka danna amincewa, kuma na Larabcin za ka sa a karanta maka, domin shi kotu ke bi in an samu saɓani. Ka duba yadda aka kasa 6,500 ɗin, da ko akwai gida, don hayar Riyad ba ta Jidda ba ce. Ka duba lokacin gwaji, wanda yanzu yana iya kaiwa kwana 180, kuma a cikinsa ana iya rabuwa da kai ba diyya. Ka roƙi a rage shi, mai shekara bakwai a sana'a yana da bakin roƙon haka.

To idan na Riyad suka ce ba za su iya jiran wata huɗu ba fa? Ka fara gaya musu gaskiyar lissafin, kamfanoni da yawa suna jira, wasu ma suna cike wa mutum abin da zai rasa. In ya gagara, sai murabus. Gyaran 2025 ya ce idan ka miƙa takardar murabus kamfani ya yi shiru kwana 30, ta karɓu. Suna iya jinkirta karɓa har kwana 60 idan sun ba da dalili a rubuce. Kai kuma kana da kwana 7 ka janye matuƙar ba su riga sun karɓa ba. Ka ga ko ta nan za a iya cinye maka wata biyu cikin huɗun. Sai ka nemi su rubuta cewa sun amince kuma ba sa neman diyya, ka ci gaba da aiki har ranar da aka tsayar.

Ranar rabuwa, bayan kuɗin sallama, ka nemi kuɗin hutun da ba ka ci ba. Tun da ka haura shekara biyar hutunka kwana 30 ne a shekara, ba 21 ba. Ka karɓi takardar shaidar aiki, kyauta ce bisa sashe na 64, kuma ba a yarda a rubuta abin da zai ɓata maka suna a ciki ba. Doka ta ba su mako ɗaya su biya ka, mako biyu in kai ne ka yanke kwantiragin. In sun yi taurin kai, ka shigar da ƙara ta intanet a sashen sulhu na ma'aikatar, wanda ke da kwanakin aiki 21 ya sasanta ku, in bai yiwu ba a tura ku kotun ƙwadago. Ba a karɓar kuɗin shari'a a hannun ma'aikaci a irin wannan ƙara, kuma komawarka Riyad ba ta kashe haƙƙinka. Sai dai wata 12 kake da su daga ranar rabuwa, in sun wuce kotu ba ta saurara sai da uzuri karɓaɓɓe. Ka ciro bayanan asusunka na banki na shekarun nan tun yanzu, ka haɗa da kwafin kwantiragi da na sanarwar, ka ajiye su a gida, ba a ɗakin kwanan kamfani ba.