Amsa ga mai son kwashe hotunan biki daga kyamara

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce ka ɗauki hotuna da bidiyon ɗaurin auren ƙanenka a Agege, ka jona kyamarar da kwamfuta amma shiru. Galibi wayar USB ɗin ce matsalar, don wasu na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayanai. Ko kuma ba ka kunna kyamarar ba bayan ka jona.

Ni dai shawarata, ka rabu da wayar. Zare katin SD, wato katin ajiyar da ke cikin kyamarar, ka sa a ramin da ke gefen kwamfutar. In babu ramin, sayi ƙaramar na'urar karanta kati, ana samunta a Computer Village da ke Ikeja, amma a gwada maka kafin ka biya. Da katin ya buɗe, shiga jakar DCIM, nan hotunan suke.

Bidiyo ne ke ruɗa mutane. Wasu kyamarorin Sony da Panasonic suna ajiye shi a jakar PRIVATE, can cikin jakar AVCHD, sai mutum ya zaci ya ɓace. In ya ƙi buɗewa, sauke manhajar kallon bidiyo ta VLC. Kar ka tsorata in dogon bidiyo ya rabu gida-gida, katin da ke kan tsarin ajiya na FAT32 ba ya riƙe fayil da ya wuce 4GB.

Don Allah ka kwafa (copy), kar ka yanke (cut). Na taɓa yankewa aka ɗauke wuta a tsakiya, hotunan sunan ɗiyata da dama suka lalace. Sai ka buɗe su a kwamfutar ka gani da idonka, sannan ka goge katin daga cikin kyamarar.